Robert FitzRoy: kyaftin ɗin da ya bar teku ya kafa hasashen yanayi

Ranar 2 ga Oktoban 1836 wani ƙaramin jirgin sojan ruwan Birtaniya mai suna Beagle ya shigo tashar Falmouth a kudu maso yammacin Ingila, bayan ya shafe kusan shekara biyar yana zagaya duniya. Kyaftin ɗinsa, Robert FitzRoy, yana da shekara 31 a lokacin, kuma sunansa ya riga ya shiga sahun gwanayen auna gaɓar teku da zana taswira. Duk wanda ya san shi ya ɗauka ƙofofi a buɗe suke a gabansa. Ashe wannan ita ce doguwar tafiyarsa ta ƙarshe a matsayin mai riƙe da jirgi. Shekaru 28 da 'yan watannin da suka rage masa a duniya, ban da wani ɗan taƙi, a tudu ya yi su: ya yi ɗan majalisa, ya yi gwamna, ya yi zaman jiran aiki, daga bisani ya zama shugaban wani ɗan ofis mai ma'aikata uku. Daga wannan ofis ne Birtaniya ta fara samun hasashen yanayi na kullum da ake bugawa domin jama'a, irin wanda a yau ake karantawa a ƙarshen labarai ba tare da kowa ya tambayi asalinsa ba.

Wanda zai fahimci abin da ya same shi a tudu sai ya fara sanin abin da teku take mayar da mutum. A zamanin da babu rediyo, wasiƙa daga Landan kan yi watanni kafin ta cim ma jirgin da ke ƙarshen Kudancin Amurka. Kyaftin shi ne alƙali, shi ne ma'aji, shi ne mai faɗa a ji. Idan gajimare ya haɗu da rana tsaka, ba shi da wanda zai nemi izininsa. Zai dubi abin da ke gabansa, ya yanke hukunci da ɗan ilimin da ya samu, ya ɗauki alhakin abin da ya biyo baya. Da wannan hali FitzRoy ya sauko tudu, inda kowane hukunci yake da kwamiti, kowane kwabo yake da mai sa hannu, kowane gwamna kuma yake da masu kai ƙararsa. Halin ya jefa shi rami sau biyu. A karo na uku ya haifar da abin da ake tuna shi da shi.

An haife shi ranar 5 ga Yulin 1805 a Ampton Hall, cikin gundumar Suffolk, a gidan sarauta. Ta wajen uba jinin Sarki Charles na Biyu ne. Ta wajen uwa kuma kawunsa shi ne Lord Castlereagh, ministan harkokin wajen Birtaniya a ƙarshen yaƙe-yaƙen Napoleon. Yana da shekara 12, a 1818, aka kai shi Kwalejin Sojojin Ruwa ta Portsmouth, shekara guda bayan nan ya hau teku, a 1824 kuma ya ci jarrabawar zama laftanar da cikakken maki, abin da babu wanda ya yi kafinsa. Zamanin kansa ba na sauƙi ba ne ga matashin hafsa. Tun da yaƙi ya ƙare a 1815 aka rage jirage, hafsoshi suka yi wa aiki yawa, da dama suka koma gida a kan rabin albashi suna jiran kiran da ba zai zo ba. Ilimi da dangi ne suka fitar da FitzRoy daga wannan layi.

A ƙarshen 1828 aka ba shi Beagle, yana ɗan shekara 23. Jirgin yana aikin auna gaɓar Patagonia da Tierra del Fuego, yankin sanyi da ruwan sama da iska marar sassauci, kuma kyaftin ɗin da ya gada, Pringle Stokes, kaɗaici da wahalar wurin ne suka kai shi ga harbe kansa. Makonni kaɗan da karɓar jirgin, cikin Janairun 1829, wata guguwa ta auka masa kusa da bakin Kogin Plata, ta kwantar da jirgin, mutum biyu suka faɗa ruwa suka mutu. Kafin guguwar, zaibar da ke cikin baromita, wato na'urar auna nauyin iska, ta riga ta sauka, amma matashin kyaftin bai ɗauki matakin da ya kamata a kan lokaci ba. Bai taɓa mancewa ba. Daga ranar har ƙarshen rayuwarsa ya riƙe cewa guguwa tana aiko da saƙo kafin ta iso, kuma mutuwar da ake iya kauce mata laifin wani ne.

A wannan tafiya ta farko ya yi wani abu da ke nuna ɗaya fuskar halinsa. Bayan an sace masa kwale-kwale, ya kama wasu 'yan asalin Tierra del Fuego a matsayin garkuwa, ya ƙare da mutum huɗu a jirginsa, sai ya yanke shawarar tafiya da su Ingila a 1830 don a koya musu Turanci da addinin Kirista, da kuɗin aljihunsa. Ɗaya ya mutu da ciwon agana. Sauran ukun an kai su gaban Sarki William na Huɗu, aka mayar da su gida a 1833, ƙaramar mishan ɗin da aka kafa da su kuma ta watse cikin 'yan kwanaki. Niyyarsa a wurinsa mai kyau ce. Amma bai ga wani aibi ba a ɗauke mutane daga ƙasarsu a tsara musu rayuwa ba da shawararsu ba.

Tafiya ta biyu, wadda ta tashi daga Plymouth ranar 27 ga Disambar 1831, ita ce duniya ta sani, saboda baƙon da ke cikin jirgin. FitzRoy ya san yadda Stokes ya ƙare, ya kuma san cewa kawunsa Castlereagh ya kashe kansa a 1822. Yana tsoron abin da kaɗaicin kyaftin zai yi masa, tun da al'adar soja ba ta bar shi ya saki jiki da na ƙasa da shi ba. Ya nemi a samo masa wani masanin halittu, ɗan gidan mutunci, da za su riƙa cin abinci tare suna hira. Aka kawo masa Charles Darwin, mai shekara 22. Aikin FitzRoy kansa a tafiyar ya isa abin alfahari: ya ɗauki agogunan teku 22 don ya daidaita matsayin wurare a taswira har ya kewaye duniya, kuma taswirorin da ya zana na Kudancin Amurka sun daɗe ana tuƙi da su bayan mutuwarsa. Sai dai a nan ma ya yi irin nasa. Da ya ga jirgi ɗaya ba zai gama aikin ba, ya sayi na biyu a 1833 a kan fam 1,300 daga aljihunsa, ya sa masa suna Adventure, da tunanin hukumar sojojin ruwa za ta biya shi idan ta ga amfanin abin. Hukumar ta ƙi, ta kuma tsawata masa. Ya sayar da jirgin a Valparaiso a 1834, damuwa ta rufe shi har ya ajiye shugabancin Beagle, sai da mataimakinsa John Wickham ya lallashe shi ya koma.

Dawowarsa gida ta fara da daɗi. Ya auri Mary O'Brien a Disambar 1836, Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta ba shi lambar zinariya a 1837, a 1839 kuma aka buga labarin tafiye-tafiyen Beagle. Littafin Darwin, wanda da farko juzu'i ne a cikin wannan aiki, shi ne jama'a suka yi rububinsa. Na kyaftin ɗin ya zauna a kanta.

A 1841 ya shiga siyasa. Da goyon bayan wani kawun nasa, Lord Londonderry, ya tsaya takarar kujerar Durham a jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, ya kuma ci. Amma kafin zaɓen ya samu saɓani da abokin takararsa na jam'iyya ɗaya, William Sheppard, suka yi ta musayar wasiƙu masu zafi da ƙalubalen fito-na-fito, har ta kai Sheppard ya tare shi a bakin wani kulob na hafsoshi a Landan yana kaɗa masa bulala, shi kuwa ya kai shi ƙasa da lema. Jaridu suka samu abin dariya. Duk da haka zamansa a majalisa bai tashi a banza ba. Ya gabatar da ƙudurin da zai tilasta wa kyaftin-kyaftin da mataimakansu a jiragen 'yan kasuwa su ci jarrabawa kafin a damƙa musu rayukan mutane, domin a lokacin mai jirgi yana iya ɗora duk wanda ya ga dama. Ƙudurin bai wuce ba a hannunsa, amma a 1850 dokar da ta wajabta wannan jarrabawa ta tabbata. A 1842 an kuma ba shi aikin kula da Kogin Mersey, hanyar jiragen Liverpool. Ga kujera, ga albashi, ga aikin da ya dace da iliminsa. Da ya zauna nan, da wataƙila ya tsufa cikin rufin asiri.

Sai a 1843 Sakataren Mulkin Mallaka, Lord Stanley, ya yi masa tayin gwamnan Niyu Zilan, bayan rasuwar gwamna na farko, William Hobson, wanda shi ma kyaftin ɗin sojan ruwa ne. FitzRoy ya ajiye kujerarsa da aikin Mersey ya tafi, saboda a tarbiyyarsa hafsa ba ya ƙin inda aka tura shi.

Ya isa Auckland a Disambar 1843 ya tarar da abin da ya fi guguwa wuyar sha'ani. Shekara uku kacal da ƙulla Yarjejeniyar Waitangi tsakanin Birtaniya da shugabannin Maori, 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka fi Turawa yawa nesa ba kusa ba, kuma suna da bindigogi. Baitulmali babu kome sai bashi. Sojoji 'yan ƙalilan ne. Turawa 'yan kama-wuri-zauna, waɗanda wani kamfanin Landan mai ƙarfin faɗa a ji a majalisa ya kwaso da alkawarin filaye, suna neman ƙasa ko ta halin ƙaƙa. Watanni shida kafin isowarsa, a kwarin Wairau, wata tawagar Turawa ɗauke da makamai ta je kama shugabanni biyu, Te Rauparaha da Te Rangihaeata, a kan filin da kamfanin yake da'awar ya saya. Aka yi arangama, Turawa 22 da Maori huɗu suka mutu, wasu daga cikin Turawan bayan sun miƙa wuya. Jagoran Turawan da aka kashe, Arthur Wakefield, shi ma tsohon hafsan sojan ruwa ne da ya bar aiki ya shiga kamfanin. 'Yan kama-wuri-zauna suna jiran sabon gwamna ya ɗaukar musu fansa.

FitzRoy ya bincika, ya gana da shugabannin a Waikanae cikin Fabrairun 1844, ya yi tir da kashe waɗanda suka miƙa wuya, amma ya yanke cewa Turawa ne suka fara laifi, domin ba su da haƙƙi a kan filin, don haka ba zai hukunta kowa ba. Masana tarihi da yawa a yau suna ganin hukuncin daidai ne, kuma ko da ya so yaƙi ba shi da sojojin yin sa. Sai dai yadda ya isar da shi, yana yi wa manyan garin Nelson faɗa kamar masu laifi a kan benen jirgi, ya sa ya yi asarar Turawan ƙasar tun a watanninsa na farko. Kyaftin ba ya neman yardar ma'aikatan jirgi kafin ya juya akala. Gwamna kuwa da yardar mutane yake aiki, ko da yana da gaskiya.

Matsalar kuɗi ta ƙarasa abin da ya rage. An hana shi buga kuɗin takarda, amma da ya ga ma'aikata ba albashi, ya fitar da takardun lamuni ya ce a karɓe su a matsayin kuɗi. Yarjejeniyar Waitangi ta ce gwamnati kaɗai za ta sayi ƙasa daga Maori, amma gwamnati ba ta da abin saye, sai ya ɗage wannan sharaɗi ya bar Turawa su saya kai tsaye su biya harajin sule goma a kowace eka, daga baya ya mayar da shi kwabo ɗaya. Ya soke harajin kwastan a 1844, ya dawo da shi bayan 'yan watanni. Kowane mataki yana da dalilinsa a wurin da aka ɗauke shi. Amma kusan duka sun saɓa wa umarnin Landan, kuma bai damu da rubuta cikakken bayani a kan lokaci ba, yayin da wasiƙun maƙiyansa suke isa majalisa a kai a kai. A arewa kuma wani shugaba, Hone Heke, ya tayar da ƙayar baya a kan ikon Birtaniya, aka sare sandar tutarta a Kororareka har sau huɗu, a Maris ɗin 1845 garin ya ƙone, yaƙi ya ɓarke. A shekarar aka sauke FitzRoy. Mutanen Nelson suka yi biki, suka ƙona mutum-mutuminsa. Wanda ya gaje shi, George Grey, an haɗa shi da kuɗi da sojojin da aka hana na gabansa.

Shekarun da suka biyo baya su ne irin waɗanda tsofaffin hafsoshi da yawa suka sani: mutum yana da muƙami a takarda, ba shi da wurin zuwa da safe. A 1848 an ba shi kula da ma'aikatar gina jirage ta Woolwich, a 1849 kuma aka ba shi Arrogant, ɗaya daga cikin jiragen yaƙi na farko masu injin tururi da farfela, don ya gwada shi. A 1850 ya ajiye aikin teku gaba ɗaya saboda rashin lafiya da matsalolin gida. An zaɓe shi ɗan Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Sarauta a 1851, Darwin yana cikin waɗanda suka mara masa baya. Matarsa Mary ta rasu a 1852 ta bar masa 'ya'ya huɗu. Ya sake aure a 1854, babbar 'yarsa kuma ta rasu bayan shekara biyu.

A 1853 aka yi wani taro a Brussels, bisa kiran Matthew Maury na sojan ruwan Amurka, inda ƙasashe masu jirage suka amince su riƙa tattara bayanan iska da igiyar ruwa a kan tsari ɗaya. Don cika wannan alkawari Birtaniya ta buɗe wani ƙaramin sashe a ƙarƙashin Ma'aikatar Ciniki a 1854, aka ba FitzRoy shugabancinsa. Ga tsohon gwamna, muƙamin koma-baya ne. Aikin da aka rubuta masa na ƙididdiga ne kawai: ya ba kyaftin-kyaftin aron na'urorin da aka gwada, ya karɓi littattafan da suka cika a teku, ya fitar da taswirar da za ta nuna inda iska ta fi kaɗawa a kowane wata don a rage kwanakin tafiya. Babu wanda ya ce ya faɗi abin da zai faru gobe. Hasali ma, a shekarar, da wani ɗan majalisa ya ce wata rana za a iya sanin yanayin Landan kwana guda kafin ya zo, dariya aka yi masa a zauren.

FitzRoy ya yi aikin da aka ba shi, amma hankalinsa yana kan masunta da ƙananan jiragen gaɓa, waɗanda su ne suka fi mutuwa. Ya sa aka ƙera baromita mai ƙarfi, mai sauƙin karantawa, aka riƙa kafa ta a ƙauyukan masunta inda kowa zai duba kafin ya fita, ya kuma rubuta ɗan littafin da ke bayyana ma'anar hawa da saukar zaiba cikin harshen da talaka zai gane.

Daren 25 zuwa wayewar 26 ga Oktoban 1859 ne ya sauya kome. Wata gagarumar guguwa ta daki gaɓar yammacin Birtaniya. Jirgin Royal Charter, wanda ya taso daga Melbourne ta Ostireliya ɗauke da fasinjoji, da yawansu masu haƙar zinariya da ke komawa gida da abin da suka tara, ya rage masa 'yan sa'o'i ya isa Liverpool sai iska ta maka shi a kan duwatsun tsibirin Anglesey. Kimanin mutum 450 suka mutu, ana hangen tudu. A guguwar baki ɗaya jirage fiye da 130 suka nutse, rayuka kusan 800 suka salwanta.

FitzRoy ya tattara bayanan da aka rubuta a wurare daban-daban a waɗannan kwanaki, ya zana su a taswira sa'a bayan sa'a, ya nuna cewa guguwar dunƙulalliyar iska ce mai juyawa, wadda ta taso daga kudu ta bi hanya zuwa arewa cikin saurin da ake iya aunawa. Hujjarsa mai sauƙi ce: guguwa tana tafiya, amma saƙon wayar tangaraho ya fi ta sauri. Idan tashar da ta fara gani ta buga waya Landan, ana iya gargaɗin tashoshin da ke gaba. A 1860 aka ba shi izinin gwadawa. Daga Satumbar shekarar, tashoshin gaɓa suka fara aiko da awon iska da zafi da nauyin iska kowace safiya, ana kuma musayar bayanai da Faris. A Fabrairun 1861 ya fitar da gargaɗin guguwa na farko. Tsarin isar da shi irin na mutumin da ya san teku ne: ana ɗaga wata alama mai siffar mazurari a kan sanda a bakin tasha, tsininta sama idan iskar daga arewa za ta zo, ƙasa idan daga kudu ne, da wata mai siffar ganga idan haɗarin ya fi haka, da dare kuma fitilu. Mai kamun kifin da bai iya karatu ba yana ganewa daga nesa.

Izinin da aka ba shi na gargaɗin guguwa ne. Amma ya lura cewa tun da kullum sai ya yi nazarin yanayin gobe kafin ya san ko akwai guguwa, babu dalilin ɓoye sakamakon. Ranar 1 ga Agustan 1861 jaridar The Times ta buga hasashensa na kwana biyu masu zuwa, a 'yan layuka ƙarƙashin jadawalin awo. Bai jira wani ya amince ba, kamar yadda bai jira ba lokacin da ya sayi Adventure, ko lokacin da ya buga takardun lamuni a Auckland. Ya guje wa kalmomin duba da annabci, ya zaɓi wata kalma da ke nufin ra'ayin da aka gina a kan awo da lissafi, kuma ita ce masu jin Turanci suke amfani da ita har yau. A 1863 ya buga babban littafinsa a kan yanayi, aka kuma ɗaga shi zuwa Mataimakin Admiral a jerin masu ritaya. Har fadar Sarauniya Victoria takan aiko a tambaye shi kafin ta tsallaka zuwa gidanta na tsibirin Wight.

Masunta sun karɓi abin hannu biyu. Sauran kuwa kowa da ƙorafinsa. Masu jirage suna jin haushin ranakun da ma'aikatansu suka ƙi fita saboda an ɗaga mazurari, musamman idan guguwar ba ta zo ba. Jaridu sun mayar da kowane kuskure abin barkwanci. Manyan masana kimiyya suna ganin ya yi gaggawa, domin ba shi da wata ƙa'idar lissafi da wani zai bi ya samu amsa ɗaya da tasa. Abin da yake yi ya fi kama da idon tsohon matuƙi. A wannan suna da ɗan gaskiya. Ba shi da ko tasha ɗaya a cikin Tekun Atalantika, inda yawancin guguwar Birtaniya ke fitowa, kuma ba ya son a nuna masa kuskure. Abin da ya fi ci masa rai shi ne a haɗa shi da masu duban taurari da ke sayar da kalandar yanayin shekara, waɗanda fitaccensu, Richard Morrison, mai laƙabin Zadkiel, shi ma tsohon laftanar ne na sojan ruwa da ya samo wa kansa wata hanyar cin abinci a tudu. FitzRoy yakan zauna ya amsa masu sukarsa ɗaya bayan ɗaya a jarida, abin da ma'aikacin gwamnati mai wayo ba zai yi ba.

Akwai kuma wani ciwon na daban. Tun bayan dawowar Beagle ya ƙara riƙo da addininsa, yana ɗaukar labarin halitta na Littafi Mai Tsarki a kan zahirinsa. Da Darwin ya buga littafinsa a kan asalin jinsunan halittu a 1859, FitzRoy ya ji cewa jirginsa ne ya ɗauki abin da yake gani ɓata ne. A taron masana na Oxford a Yunin 1860, inda ya je gabatar da takarda a kan guguwa, ya miƙe a tsakiyar muhawarar da ake yi a kan littafin, riƙe da Littafi Mai Tsarki, ya nuna baƙin cikinsa. Ba a saurare shi ba.

Zuwa farkon 1865 jikinsa ya gaji, jinsa ya ragu, barci ya ƙaurace masa, damuwar da ya gudar wa kansa tun yana saurayi ta dawo. Likitoci suka ce ya huta, iyalinsa suka koma Norwood a kudancin Landan, amma ya kasa daina zuwa ofis. Safiyar Lahadi, 30 ga Afrilun 1865, ya kashe kansa a gidansa, yana da shekara 59. An binne shi a harabar cocin All Saints da ke Upper Norwood.

Da aka duba abin da ya bari, sai aka ga dukiyarsa, kimanin fam 6,000, ta ƙare a hidimar gwamnati da ba a biya shi ba. Bartholomew Sulivan, wanda ya yi laftanar a ƙarƙashinsa a Beagle, ya buɗe asusun taimakon iyalin, gwamnati ta mayar da fam 3,000, Darwin ya ba da fam 100, Sarauniya kuma ta ba matarsa masauki a fadar Hampton Court.

An kafa kwamitin bincike a kan aikin ofishinsa, wanda Francis Galton, ɗan'uwan Darwin, ya yi wa jagora. Rahoton 1866 ya ce hasashen ba shi da tushen kimiyya. Aka dakatar da hasashen kullum, a Disambar shekarar kuma aka daina ɗaga mazurari a tashoshi. Masunta da hukumomin tashoshin jirage da 'yan majalisar yankunan gaɓa suka yi ca, takardun koke suka yi ta zuwa Landan, har aka dawo da gargaɗin guguwa bayan kimanin shekara guda. Hasashen kullum na jama'a kuwa sai a 1879 ya dawo jaridu. Ɗan sashen nasa shi ne ya zama Hukumar Yanayi ta Birtaniya, wadda hedikwatarta a Exeter take kan titi mai sunansa. A Fabrairun 2002 aka sauya sunan wani yankin teku da ke arewa maso yammacin Sifen, cikin yankunan da rediyon BBC ke karanto wa matuƙa hasashensu kowace rana, daga Finisterre zuwa FitzRoy.